Kawu Isha'aku da Tunkiya Mai Lamba Tara

Duk wanda ya taɓa yin layya a lungunmu na Bani Malik a Jidda ya san Kawu Isha'aku. Ko bai riƙe sunansa ba, ya ga dogon mutumin nan siriri mai ɗan ranƙwafawa yana bi gida-gida da safiyar Sallah, wuƙa naɗe cikin tsumma a hammata, yana yi wa masu raguna faɗa don sun ɗaure dabba a rana babu ruwa. Ba kawuna ba ne na jini. Garinsu ɗaya da mahaifiyata, can wajen Tasawa a ƙasar Nijar, ita ce ta ce mu riƙa ce masa Kawu, sunan kuma ya bi shi har waɗanda suka girme shi haka suke kiransa.

Aikin Umara ne ya kawo shi ƙasar nan yana ɗan shekara talatin, da niyyar yin wata biyu. Wata biyun ne har yau ba su cika ba. Ya faɗa kasuwar tumaki ta kudancin Jidda, ya fara da saɓa rago a kafaɗa zuwa motar mai saye, ya koma mai ba da ruwa da ciyawa, har ya zama mutumin da manyan dillalai ke aika wa idan dabba ta ƙi cin abinci. Kiwo ya tashi yana yi tun a gida, don haka abin da likita zai nema da na'ura, Kawu zai ɗaga leɓen tunkiya ya duba dasashi, ya shinshina numfashinta, ya faɗa maka. Larabcinsa na kasuwa ne, ya ishe shi ciniki da faɗa, amma bai ishe shi shiga ofis ba.

Abu ɗaya kowa ya san shi da shi: ba ya barin dabba ta mutu mushe. Idan rago ya faɗi a garke aka ga ba zai tashi ba, Isha'aku ake aika wa, shi kuma ko loma ce a hannunsa zai ajiye ya ruga. Ba don naman ba, sau da yawa naman ma ba ya ciyuwa. Cewa yake yi dabbar da ta zauna a hannunka bai kamata ta bar duniya ba a ambaci sunan Allah a kanta ba, a ɗaura mata igiya a ƙafa a ja ta zuwa bola. Na san wani dillali da Kawu ya yi shekara guda ba ya amsa gaisuwarsa, saboda mutumin ya tsaya surutu a waya har tunkiyarsa ta mutu a gabansa.

Matarsa Rakia ta biyo shi daga baya, suka haifi huɗu a nan. Biyu sikila ta ɗauke su tun suna ƙanana, namijin da ya tsira ya koma Maraɗi, Rakia kuma ta rasu shekara tara ke nan. Saura Hikima, auta, ita ma da ciwon. Ɗinki take yi a wani shagon mata a Sharafiyya ranar da jiki ya yarda. Ranar da bai yarda ba, daga bakin ƙofa za ka ji nishinta, tana cewa kamar ana daka mata ƙashi a turmi. Kusan duk wata sai an ƙara mata jini, kuma tun tana shekara ashirin da shida likitoci suka ce ƙugunta ya fara cinyewa. Amma baki ne da ita kamar ba ita ce mai ciwon ba. Ko a gadon asibiti ka je duba ta, sai ta tsokane ka kafin ka gama yi mata sannu.

Ni kuwa, Sadiƙ, a nan aka haife ni, aka tura ni Kano karatu shekara bakwai, na dawo da Hausar da ta fi ta tsarana kauri da ɗan Turanci. Wannan ya samar mini aiki a wata cibiyar bincike da ke arewacin gari, wadda ba zan kama sunanta ba. Ɗan aike ne ni mai kati a wuya. In kai takarda, in ɗauko akwatin sanyi daga asibiti zuwa ɗakin gwaji, in yi tafinta idan an kawo Bahaushen da Larabci ya gagara. Ba kowa ke lura da mai irin aikin nan ba, shi kuma komai yana wucewa ta hannunsa. Abin da ya wuce ta hannuna ne ya jawo wannan labari.

A cibiyar akwai wata likita, Dakta Lama, 'yar nan Jidda, wadda ita ma sikila ce ta kashe ƙanenta. Ga abin da take so ta gwada. A cikin ɓargon ƙashin mutum akwai wasu ƙwayoyi da su ne iyayen jini, su ke haifar da shi. A ɗebo su daga jikin mai sikila, a gyara lahanin a ɗakin gwaji, amma kafin a mayar wa mutum, a fara sa su a jikin ɗan tunkiya tun yana cikin uwarsa, a ga ko za su zauna su yi ta haifar da lafiyayyen jini har shekara ta zagayo. Ma'ana dai za a haifi tunkiya da wani ɗan kaso na jinin ɗan Adam yana yawo a jikinta.

Irin wannan aiki sai da kuɗin gwamnati, gwamnati kuma ba ta sakin kuɗi sai kwamitin ɗa'a ya sa hannu. Kwamitin ya yi wata goma sha ɗaya yana zama. Akwai malamin fiƙihu a ciki, da lauya, da likitan dabbobi, da wakilin ma'aikatar lafiya, ni nake kai musu takardu ina yi musu kallon marasa aikin yi. Daga ƙarshe suka yarda da shekara uku bisa sharuɗɗa. Kada dabbobin su hayayyafa, kada ko ɗaya ta fita daga shinge, kada a sa wa ko ɗaya wuƙa don kada wani ya taɓa ɗaukarta naman ci. Sannan kada wanda ya ba da ƙwayoyinsa, ko danginsa, su san tunkiyar da aka sa wa nasu, lamba kawai za a riƙa aiki da ita. Wannan na ƙarshen ya ba ni haushi. Na ce a raina mutum ya ba da abin jikinsa kyauta, sannan a ɓoye masa inda aka kai shi, wane irin iyayi ne wannan.

Hikima tana cikin waɗanda suka bayar. Ba ta buƙaci tafinta ba, Larabcinta ya fi Hausarta, da kanta ta karanta takardar. Dakta Lama ta gaya mata gaskiya cewa babu alkawari. Idan jinin ya tsaya lafiya a jikin tumakin har wata goma sha biyu, gwamnati za ta saki kuɗin mataki na biyu, wato a fara yi wa mutane, kuma waɗanda suka bayar su za a fara dubawa. Hikima ta ce halas, shi ke nan, ai ita ƙashin nan tun da aka haife ta wahala kawai yake ba ta, idan wani zai iya morarsa ga shi nan. Ta sa hannu.

Da aka haifi 'yan tumakin sai matsala ta ɓullo daga inda likitoci ba su zata ba. Ma'aikatan da kamfanin kwangila ya kawo ko kaza ba su taɓa kiwo ba. Gudawa ta kama garken, biyu suka mutu a mako na farko, saura goma sha huɗu. Dakta Lama ta tare ni a bakin ofis ta tambaye ni ko a cikin mutanenmu akwai wanda ya san tumaki da gaske. Ban tsaya tunani ba na ce akwai. Ya kamata in ƙara da cewa 'yarsa tana cikin waɗanda suka bayar, amma na yi shiru, don na san za a ƙi shi, ga shi gwiwoyinsa sun gaji da ranar kasuwa. Sunayen ma'aikatan kwangila ba sa shiga takardun cibiya, masu suna Ishaƙ kuma sun cika Jidda, babu wanda ya haɗa shi da ita.

Kawu bai karɓa nan take ba. Sai da ya je unguwar Bab Makka wurin Malam Abdulghani, wanda ke ba da karatu bayan la'asar a bayan wani shagon yadi, ni na raka shi. Malam ya saurara, ya ce idan don neman magani ne, kuma ba ci za a yi ba, hukuma ma ta sa ido, bai ga laifin kiwon ba. Na ɗauka an gama, sai Kawu ya gyara zama ya ce yana da sauran tambaya. Ya ce idan mace ta shayar da jariri ya zama ɗanta, ya zama ɗan'uwan 'ya'yanta, nono ke nan, to yaya jini? Malam ya yi dariya har ya cire tabarau, ya ce wannan babu shi a littafi, tunkiya tunkiya ce, kada ya ɗora wa kansa abin da Allah bai ɗora masa ba. Kawu ya ce to, ya gode. Amma na san "to" ɗin Kawu, akwai wanda yake nufin na yarda, akwai wanda yake nufin na ji dai.

Abokansa na wurin shayi suka sami abin yi. Ya'u mai yadi ya riƙa tambayarsa ko tumakin sun fara amsa sallama, wani ya ce a bincika ko su ma za a yi musu iƙama, takardar zaman ƙasa, kuma wa zai zama kafilin da zai tsaya musu. Kawu ba ya fushi, murmushi kawai yake yi ya ce sun fi wasu mutanen hankali.

Cikin mako biyu gudawa ta tsaya. Ya canza musu wurin kwana, ya hana a wanke ƙasa da ruwan sanyi suna ciki, ya raba masu ƙarfi da raunana wajen cin abinci. Dakta Lama ta fara ce masa "Ammi Ishaƙ", wato baffa, idan ta shigo shinge sai ta gaishe shi kafin ta duba takarda. Ban taɓa ganin Kawu ya tsaya a miƙe kamar a watannin nan ba. Yana sanye da farar riga da takalmin roba, 'yar wuƙarsa ta yanke igiyar damin ciyawa a ƙugu, yana yawo tsakanin tumaki goma sha huɗu masu lamba a kunne.

Wata rana da hantsi, tumakin suna wata huɗu, na kai wani saƙo shingen na same shi yana shafa kansu ɗaya bayan ɗaya. Ya ce kullum haka yake yi, duka yake gaisarwa, tunda bai san wacce ba ce. Wallahi bai tambaye ni ba. Bai ko kalle ni ba da ya faɗa. Amma ni na ɗauko akwatin Hikima daga asibiti da hannuna, na ga lambar da aka liƙa masa, na kuma ga takardar da ta haɗa lambar da tunkiya a kan teburin ɗakin gwaji. Wata huɗu abin yana yi mini ƙaiƙayi a baki. Na dubi tsohon nan da ya binne 'ya'ya biyu saboda ciwon nan, na ce a raina wace doka ce za ta hana a sanyaya masa zuciya.

"Kawu," na ce, "ta tara ce."

Hannunsa ya tsaya. Ya daɗe yana kallon wata 'yar fara mai baƙin tabo a ido, tana can gefe tana tuƙa.

"Ba ka faɗa ba, ban ji ba," ya ce.

Na fito ina jin kaina kamar wanda ya yi sadaka.

Daga ranar komai ya canza, ko da yake sai wanda ya san shi zai gane. Ba ya daka wa ta tara tsawa. Idan za a ɗebi jininta shi ke riƙe kanta, yana yi mata magana ƙasa-ƙasa da Hausa. A gida ya fara ba Hikima labarinta, ya ce mata ai shi ya gano wacce ce, ita kuma ta mai da abin wasa, kullum ya dawo sai ta tambaye shi ya ƙanwarta, ta ci abinci kuwa. Sannan ya fara abin da aka hana, shigo da abinci daga waje. Abincin cibiya busasshe ne, a buhu yake zuwa, an auna shi. Kawu ya ce wannan ba abinci ba ne, magani ne. Sai ya riƙa sayen ɗan ƙullin barsim, ɗanyar ciyawar nan da ake sayarwa dami-dami a bakin hanya, ya ɓoye a jakarsa. Ya san haɗarinta sarai, ya san ɗanya tana kumbura ciki, don haka sai ya shanya ta a inuwa ta kwana ta yi laushi, sannan ya ba ta tara tafi ɗaya. Na gani, na yi shiru, don ni na fara ɓarnar.

Kuma kamar da gangan, jinin ta tara ya fi na kowacce kyau. Wasu tumakin ƙwayoyin suka ɓace daga jikinsu tun a wata na shida, wasu suka ragu, nata kuwa suka zauna daram suna ta haifar da lafiyayyen jini. A ɗakin gwaji ba a maganar kowa sai lamba tara. Dakta Lama ta ce idan ta kai wata goma sha biyu a haka, ita ce za ta riƙe rahoton da za a kai wa ma'aikatar lafiya. A wata na goma Hikima ta kwanta kwana tara a asibiti, ta fito da sanda. Na je gaishe ta, ta ce in gaya wa ƙanwarta ta daure, saura kaɗan.

Saura mako uku wata goma sha biyun su cika, ranar wata Juma'a. Ran Juma'a cibiya babu kowa sai mai gadi a ƙofar waje da Kawu a shinge, likitan dabbobi yana gida sai an kira. Kawu ya makara a hanya, ya iso da ɗanyen barsim ɗin da ya saya, ya ba da ruwa da abinci, ya ji an fara huɗuba a masallacin da ke bayan katanga. Maimakon ya kai ƙullin inda yake shanyawa, sai ya ɗora shi a kan ƙarfen shingen ya fita da sauri. Shekara arba'in yana kiwo bai taɓa yin wannan sakaci ba. Ta tara ta san warin abin da ake ba ta ita kaɗai. Ta miƙe da ƙafafun baya ta jawo shi, ta cinye duka.

Da ya dawo ya tarar da ita kwance, cikinta ya tashi kamar ganga, tana numfashi da ƙyar. Ya ɗaga ta ya tsayar da gabanta sama, ya murza cikin, babu. Kabad ɗin magani a kulle. Lambar likitan dabbobi tana liƙe a bango, amma Kawu mutum ne da ya yi shekara ashirin babu takarda a ƙasar nan, har yau hannunsa ba ya son kiran mai muƙami kai tsaye, balle ga ganyen barsim warwatse a ƙasa. Ni ya kira, sau huɗu. Wayata na kashe mata ƙara tun da na shiga masallaci, na manta, ina zaune ina cin shinkafa da iyalina. Ya zaro wuƙarsa ya huda gefen cikin kamar yadda ya yi wa ɗaruruwa a kasuwa, iska ta fita, amma an makara. Idonta ya fara juyewa, ƙafafu suka fara shure-shure. Kawu ya san wannan shurin, ya gan shi ya fi a ƙirga.

Abin da ya biyo baya na gan shi a hoton kyamarar shingen, don an sa ni na kalla. Ya dubi wuƙar da ke hannunsa. Sannan ya durƙusa, ya juya ta ta fuskanci alƙibla, ya shafa mata wuya, bakinsa ya motsa, ya ja wuƙa. Da ya gama ya cire farar rigarsa ya rufe ta, ya zauna a ƙasa kusa da ita. A haka na same shi bayan awa ɗaya, lokacin da na ga kiran.

Dakta Lama ta zo kafin la'asar. Ba ta yi ihu ba, da ma ta yi. Ta ɗaga rigar, ta ga wuyan, ta mayar. Ta ce masa, "Ya Ammi, da ka bar ta ta mutu." Sai daga baya na fahimci nauyin maganar. Dabbar gwaji tana mutuwa, ba sabon abu ba ne. Da ta mutu da kanta, da an ɗebi jininta da ɓargonta an rubuta abin da ya faru, da wata goma sha ɗaya da 'yan kwanaki sun isa a kai rahoto. Mutuwa ba ta cikin sharuɗɗan. Yanka ne yake ciki, kuma ga shi a kyamara.

Kwamiti ya zauna bayan kwana goma. Kawu ya ce ba zai iya Larabcinsu ba, a ba shi tafinta, wa kuma za a kira in ba ni ba. Na tsaya a gefensa. Suka tambaye shi ko ya san an hana yanka, ya ce ya sani. Ko ya yi niyyar fitar da naman, ya ce ko yunwa za ta kashe shi ba zai ci ba, ba zai ba wani ba. Malamin fiƙihun, wani dattijo mai sanyin murya, ya ce to me ya sa, tunda biyu sun mutu a baya ba a yanka ba, kuma an gaya masa waɗannan ba irin tumakin kasuwa ba ne.

"Ka ce musu jinin 'yata ne a jikinta," Kawu ya ce mini. "Ban iya tsayawa ina kallo ya tafi mushe ba."

Na fassara. Dakta Lama ta rufe fuska da hannu. Lauyan ya ajiye biro ya yi tambayar da na san tana zuwa, kuma ni ne zan mai da ita Hausa da bakina.

"Kawu, sun ce wa ya gaya maka lambar."

Ya juyo ya kalle ni, karo na farko tun da muka shigo. Babu zargi a idon, da akwai da na fi samun sauƙi.

"Ka ce musu babu wanda ya gaya mini. Shekara arba'in ina kiwo. Ni na gane ta."

Ina da baki, ina da Larabci, ina da numfashi ɗaya da zan ce ni ne. Na tuna katin da ke wuyana, da iƙamar 'ya'yana uku da ke rataye a jikinsa. Na fassara maganarsa kalma da kalma, ban rage ba, ban ƙara ba.

Ba su yarda ba, ban ga laifinsu ba, amma ba su da hujja a kan kowa. Suka rubuta cewa sharaɗi biyu sun karye, an yanka dabba, kuma sirrin masu bayarwa ya fita ba a san ta ina ba. Dattijon malamin ya yi wata magana kafin su tashi, ba da kowa yake ba. Ya ce lokacin da suka sa sharaɗin lamba wasu sun ɗauka tsaurin kai ne, alhali ba don tumaki suka sa shi ba, don iyaye suka sa shi. Ni ne na yi wa wannan sharaɗi tsaki, ni ne kuma na tsaya ina fassara wa Kawu abin da malamin ya ce.

Aka dakatar da kuɗin wata shida don bincike, wata shidan ya wuce ba a sake buɗe maganar ba. Sauran tumaki goma sha uku aka yi musu allura aka ƙone, kamar yadda doka ta tanada idan aiki ya tsaya. Kawu bai gani ba, tun ranar zaman aka karɓe katinsa, kuma ban taɓa gaya masa yadda aka yi da su ba, shi ma bai tambaya ba. Dakta Lama ta bar cibiyar, na ji tana wani gari tana sake neman izini daga farko. Allah ya ba ta sa'a, amma ko ta samu, jerin sunayen wani ne daban, a wani asibitin daban.

Wani tsohon dillali ya karɓi iƙamar Kawu, ya koma kasuwa yana ba da ruwa da ciyawa, aikin da ya bari tun yana da ƙarfi. Har yanzu ana kawo masa dabba ya duba dasashi ya faɗi ciwonta. Amma idan rago ya faɗi aka aika a kira shi, sai ya ce a nemi wani. Sallar layya biyu ke nan lungunmu na Bani Malik wani mahauci muke ɗaukowa daga Sharafiyya. Ban taɓa jin Kawu ya ce ya yi nadamar yankan ba, ban kuma taɓa jin ya ce daidai ya yi ba. Sau ɗaya dai ya ce mini da hannunsa ya tsaya ya yi shawara da kansa, da ba haka ba, amma hannun ya riga shi.

Sallar da ta wuce na kai musu nama da yamma. Hikima tana zaune a tabarma da sanda biyu a gefenta, ta daina zuwa shago, ana kawo mata ɗinkin hannu gida. Ta rame, amma bakin yana nan. Ta ce Yaya Sadiƙ ya yi ƙiba, aikin gwamnati ya karɓe shi. Muka yi dariya. Kawu yana gefe yana haɗa shayi. Hira ta zagaya har ta kai ga abin da nake gudu, ita ta kawo shi da kanta. Ta ce mutane suna zaton tana jin haushin Baba, alhali ita abin da ya tsaya mata a rai daban ne.

"Ka san, Yaya, tumaki goma sha huɗu, duk farare, babu wanda ya gaya masa, amma ya gane wacce ce tawa. Wai tafiyarmu iri ɗaya. Idan ciwo ya taso ni wannan nake tunawa, sai in ji sauƙi."

Na dubi Kawu. Bai ɗago ba, yana zuba shayi daga sama yana mayarwa.

"Haka aka yi," ya ce.

Ya miƙo mini kofi, na karɓa da hannu biyu. Washegarin hutu na rataya katina a wuya na koma aiki.